Turmin Inna

Laraba, bayan isha'i.

Kwana uku ina fama da gudawa, alhali tun da likita ya ce hanjina ba ya ɗaukar alkama ko biredi ban taɓa ba. Yau Inna ta tambayi mai injin niƙa na unguwar Jega Firchin. Ashe alkamar alkakin biki ya niƙa kafin dawarmu.

Tana dawowa ta jawo tsohon turmi. Na miƙe in karɓi taɓarya, jiri ya zaunar da ni.

Na ce, "Inna, kafaɗarki fa?"

Ta ce, "Tawa ce. Zauna, ɗiyata."

Ta daka, ta tankaɗe, ta tuƙa tuwo. Na ci ba fargaba. Amma ni na zuba mata ruwan alwala, don ta kasa ɗaga buta.