Man da ya zubo kan birki

Litinin, 6 ga Maris

Biddy, karyar kiwona, na wajen likitan dabbobi a can garin Cunnamulla, ƙashin cinyarta ya karye biyu. Shekara tara tana zama bayana a kan babur ɗin nan muna kora tumaki, ba ta taɓa faɗowa ba sai yau. Na matsa birkin gaba a bakin kwazazzabo, babu komai, kamar na matsa soso, sai muka kife. Da na tashi na duba, mai ne ya tsiyayo daga shokar gaba ya jiƙa birkin sharkaf.

Sati uku da bakanike Dwayne Tulloch ya canza mini sil ɗin shokar, robar da ke tare man. Sati uku! Ni na koya wa yaron nan karatu a aji biyar. Tun a lokacin ba ya ƙarasa aiki.

Talata, 7 ga Maris

Na karanta labaran ramuwa fiye da ɗari, dukansu da guba ko takobi ake yi. Ni allon sanarwa na kantin Glenys gare ni, kuma ya isa. Na rubuta layi shida a kan aikin Tulloch, na gyara su sau huɗu har suka yi kaifi, na manna. Askin tumaki ya kusa, kowa zai kai babur gyara. Su karanta tukuna.

Glenys ta ce, "Noelene, bakanike ɗaya gare mu a garin nan fa."

Na ce to rabi gare mu, kin yi masa ƙari.

Alhamis, 9 ga Maris

Tulloch ya tare ni a gidan mai. Shekara kusan arba'in, hula a hannu kamar an kira shi ofishin hedimasta.

"Malama, ya jikin Biddy?"

Na ce kada sunanta ya sake fitowa daga bakinsa.

"Na ji. Amma ki ɗan goga safar mata ta nailan a jikin ƙarfen shokar, ki ga ko za ta kama."

"Tulloch, safata ce kuma za ta yi maka aikinka?"

Masu shan mai suka kwashe da dariya. Kunnuwansa suka yi ja. Na ji daɗi har gida.

Asabar, 11 ga Maris

Mutum uku sun ɗora baburansu a mota zuwa Cunnamulla, sun tsallake garejinsa. Uku. Ina son goma.

Lahadi, 12 ga Maris

Ina son hujjar da zan ajiye masa a gaban jama'a, don haka na yi binciken da kaina. Na goge ƙarfunan shokar biyu tas, na riƙe birki na danna gaban babur sau ashirin. Na dama a bushe. Na hagu ya fito da zoben mai. Na yanko siririyar roba daga gorar madara, na zura ta ƙarƙashin sil ɗin na zagaya, ko yashi ne ya maƙale. Ɗan jan ƙasa ya fito, ba yawa. Na sake dannawa. Zoben ya dawo.

Sil ɗin dai zaune yake daidai, bai karkace ba. Na so ya karkace.

Laraba, 15 ga Maris

Na yi abin safar, don kawai in ce na yi. A dama ta sulale. A hagu ta kama, zare ya ja har ƙasa. Na sa tabarau. Tsaga ce 'yar ƙarama, sabuwa fil, da kaifi kamar bakin reza, ta can baya inda ido ba ya kaiwa. Duk dannawa ɗaya tana yanka robar.

Daidai wajen ne nake rataya naɗin wayar shinge. Ranar 1 ga wata na yi ta zagayen shingen yamma da ita tana dukan ƙarfen, ina jin ƙarar, ina tunanin wani abu daban. Bayan gyaransa ke nan da mako biyu.

Na daɗe zaune a kan bokiti.

Alhamis, 16 ga Maris

Biddy ta dawo. Tana tafiya da ƙafa uku, ta lashe mini hannu. Da ma ta cije ni.

Asabar, 18 ga Maris

Akwai ƙofar baya a garejinsa, ta lungu. Ban bi ta nan ba. Na sauke babur daga mota tun a gaban gidan waya da ƙarfe goma, lokacin da duk garin ke kan titi, na tura shi da hannu har bakin ƙofarsa. Na ɗaga murya yadda nake yi wa 'yan bencin baya, na ce wayar shingena ce ta tsaga mini ƙarfe, ina son wanda ya san aiki ya duba.

Ya shafa wajen da farce, bai ɗago ba.

"Ki dawo ki ɗauka Talata, Malama."

"Litinin, Tulloch."

Ba haƙuri na je bayarwa ba. Cunnamulla ce ta yi nisa.