Jikana Ya Ce "Daijobu", Na Ɗauka Ya Yarda

Malama Shizue, ki taimaka mini. Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, ban kuma saba neman shawarar kowa ba. A sakandare karatuna ya tsaya, na fara da sharar ɓarɓashin ƙarfe a maƙerar wani, yau ga ni da masana'antar kusoshi tawa ta kaina a Higashi-Osaka, nan ƙasar Japan, mutum goma sha ɗaya suna cin abinci a ƙarƙashina. Amma yaro ɗan shekara takwas ya gagare ni.

Jikana ne, Kohei, ɗan 'yata Chizuru. Kansa na ja sosai, ya haddace sunayen tashoshin jirgin ƙasa tun daga nan har Nara. Abin da ba ya so a duniya shi ne ƙara. Injin busar da hannu na banɗaki ma gudunsa yake yi. Ni kuwa shekara hamsin ina cikin rugugin injina, har matata Fumie tana cewa in ta kira ni cin abinci sai maƙwabta sun riga ni amsawa.

Wata mai zuwa ajinsu za su tafi yawon makaranta wani babban wurin wasannin yara. Na ce bari in riga su kai shi, ya saba. Chizuru ta ba ni abin toshe kunnensa, irin wanda ake kifawa a kai, na bar shi a mota. Ba zan ɓoye miki ba, ba mantuwa na yi ba. Ban so a ga jikana yana yawo kamar mai aikin fasa titi. A masana'anta dole nake yi wa ma'aikata su sa irinsa, amma ni ban taɓa sawa ba.

Muka iso gidan dodanni, wanda ake shiga cikin duhu a ɗan kwalekwale. Na tambaye shi ko mu shiga, ya sunkuyar da kai ya ce daijobu. To ai ba komai ke nan, lafiya lau. Na sake tambaya, ya sake cewa daijobu. Har na ji daɗi, na ce a raina jinina ne. Dodon farko yana yin ruri, yaro ya dunƙule a ƙasan kwalekwalen, hannuwa a kunne. Ni kuma ina ta ɗaga murya ina ce masa ya daure, roba ce kawai. Sai daga baya na tuna muryata ma inji ce. Da muka fito bai yi kuka ba. Takoyakin da na saya masa, ɗan abincin nan mai kama da ƙosai, ko kallo bai yi ba, ni na cinye nawa da nasa.

Yanzu ya ce ba zai bi 'yan ajinsu ba. Chizuru tana yi mini irin gaisuwar da ake yi wa mai kawo wasiƙa. Ni dai sau biyu na tambaye shi, da bakinsa ya amsa. Ina laifina? Kuma yaya zan yi ya tafi da abokansa? Ba na so a ɗauki hoton aji babu shi, a ce saboda kakansa ne.

Wani maƙeri, Higashi-Osaka

Kakan Kohei,

Gobe ka shiga kanti ka kasa kunne, iyakar jin da ya rage maka. Mai kanti zai tambayi matashi ko a sa masa kaya a leda, ya ce daijobu, ya kwashi kayansa a hannu. A zamaninmu kalmar na nufin "na yarda". A bakin yaran yanzu sau da yawa "na gode, a bar shi" ne. Sau biyu Kohei ya ƙi, cikin ladabin da ku kuka koya masa. Wannan kuskure ne da tsofaffi da yawa muke yi, ba zan kama ka da shi ba. Barin abin kunnen a mota kuwa naka ne, kai ma ka sani, tun da ka rubuto shi.

Niyyarka daidai ce, bai kamata a killace yaro a gida ba. Sai dai yaro irin Kohei ba tsoron ƙara kawai yake ba, zafinta yake ji, kuma dauriya ba ta rage zafi. Kai ma kunnenka ba sabawa ya yi ba, gajiya ya yi. Ka kai shi likita ya duba.

Ka fara da ba shi haƙuri, gajere, ba tare da maganar yawon ba. Chizuru kuma ta ga malaminsu, a yarje masa ya sa abin kunnensa, a san wurin da zai je ya huta in abin ya yi masa yawa. Bayan nan ka samo taswirar wurin ka miƙa masa. Tun da gwanin tashoshi ne, ya zana muku layin jirginsa da kansa: ga inda za a tsaya, ga inda za a wuce ba tsayawa. Ka daina tambayarsa ko zai iya, ka nuna masa abu biyu ya zaɓa. Ku kuma yi alama tsakaninku, in ya ja hannun rigarka ku fita nan take, ko da kun yi awa guda a layi.

In uwarsa ta yarda, ku koma da safe ranar aiki, lokacin da babu cunkoso, shi da abin kunnensa, kai da naka daga masana'anta. Ko ƙaramin jirgin da ke zagaye lambu kaɗai ya zaɓa, ku hau sau uku, an ci nasara. Yaron da ya tabbata za a bar shi ya fita shi ne ke yarda ya shiga. In kuma duk da haka ya ce ba zai bi ajin bana ba, ka karɓa da fara'a, akwai baɗi.

Ka daɗe kana ba da umarni ana bi. Ranar nan kai ne a baya, riƙe da jaka. Ina yi wa Kohei fatan yawo mai daɗi, kai kuma ƙafafu masu ƙwari.

Malama Shizue