Irin da Inna Ta Ware Maka

Daga ƙaninka Mamman a Matameye zuwa ga Yaya Idi a Kumasi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya cinikin goro? Mu nan lafiya lau, sai dai Faransawa sun kwashi samari aikin hanya.

Yaya, zaman da na yi can wurinku a Kurmi ya mantar da ni halin ƙasarmu. Can ruwa ba ya yankewa, shi ya sa da aka yi yayyafin farko na shuke irin geronmu kaf. Kawu Sale ya tura hannu cikin ƙasa ya ce danshi bai kai ba, ban ji ba. Rana ta ƙone tsiron ƙurmus.

Na rasa bakin gaya wa Inna, ashe ta sani. Ta tura ni rumbunta na ɗauko wani dami, ta ce, "Na Idi ne. Kowace kaka ina ware masa, ko Allah zai kawo shi."

Shi na shuka da ruwa ya zauna, yanzu ya kai gwiwa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajo da yara. Geronka ne a gona, Yaya, kuma Inna ta ce ba za ta sha furarsa ba sai da kai.