Yoyon Ɗakin Ƙasa

Litinin, 6 ga Maris

Ɗakin ƙasa yana warin danshi. Na sauka ɗauko wankin mijina Leonard, sai na ji silifas ɗina ya yi caɓal. Ba wani ruwa mai yawa ba ne, amma kwalayen da ke jikin bango duk sun jiƙe daga gindi, ɗaya har ya fara funfuna. Na tsaya ina kallo kamar wata sakarya. Tun da muka tare a gidan nan Leonard ne mai ƙasa, ni ce mai sama. Injin wanki kaɗai na sani a can.

Ban gaya masa ba. In ce me? Tun kaka da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ba ta wuce "i" da "a'a" ba. Sai kallon talabijin.

Talata, 7 ga Maris

Na yi gangancin faɗa wa 'yata Renee a waya. Tun daga Columbus inda take zaune ta gano matsalar: wai ƙanƙara ce ke narkewa tana ratso bango, gindin gidan ya tsufa, funfuna kuma ba ta jituwa da huhun babanta. Daga nan ta koma kan tsohuwar waƙarta, a sayar da gida mu koma inda ake kula da tsofaffi. "Mama, ke ma fa ba yarinya ba ce." Ai na sani, gwiwoyina suna tuna mini kullum.

Gaskiya ni ma na gaji. Da za a zo gobe a kwashe mu, ba lalle in yi musu ba.

Alhamis, 9 ga Maris

Ruwan ya ƙaru. Bokiti, tsumma, ciwon baya.

Juma'a, 10 ga Maris

Maƙwabciyata Wanda ta kawo mana soyayyen kifi daga coci, tunda azumin Kirista ne, ba a cin nama ran Juma'a. Bakinta ba ya riƙe komai, a gaban Leonard ta tambaye ni ko na fara kiwon agwagi a ƙasa. Na harare ta, amma ya riga ya ji. Ya ajiye cokali. Dole na bayyana masa komai, har da abin da Renee ta ce game da bango.

"A'a," ya ce. Ya buga tebur da hannun hagu. Ya nuna famfon kicin, ya nuna ƙasa, ya riƙa juya yatsa. Mun daɗe muna cankar abin da yake nufi, Wanda har da cewa yana son a ƙara masa kifi. Daga baya na gane: mitar ruwa. A rufe duk famfunan gida a je a duba ta.

Na sauka da tocila. Ba famfon da ke buɗe, amma ƙaramin jan abin nan na tsakiyar mitar yana juyawa a hankali. Ashe ba daga waje ruwan yake ba, namu ne, wani bututu ke yoyo. Da na hau na faɗa masa, ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Rabona da ganin wannan fuskar tun kafin asibiti.

Asabar, 11 ga Maris

Na kira masu gyaran famfo. Kowa ya ce sai bayan mako biyu ko uku, duk garinmu na Parma ɗakunan ƙasa sun cika da ruwa. Da Leonard ya ji, sai ya nuna ni da yatsa. Na ce masa, "Tsoho, ka san ni ko kwan fitila ban taɓa canzawa ba." Bai sauke yatsan ba.

Litinin, 13 ga Maris

Dabarar Wanda ce. Ta zauna kusa da kekensa na guragu riƙe da wayarta, ni ina ƙasa da tawa, yana ganin duk abin da nake haskawa. Ita ce tafinta. "Ya ce ba nan ba. Ya ce ke makauniya ce." Bai ce haka ba, ƙari ne nata.

Ni a zatona inda ruwa ke ɗiga nan ramin yake. Ashe ruwa maƙaryaci ne, yakan bi bayan bututu ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauka. Na riƙa bin bututun jan ƙarfen da busasshen tsumma, ina gogewa ina jira in ga inda zai sake jiƙewa. Na bi shi har bayan kantar fenti. Ina can ina ture gwangwanaye sai na ji murya a waya, a karkace, da ƙyar:

"Kore. Nemi kore."

Na ɗauka Wanda ce take wasa. Ta ce, "Wallahi ba ni ba ce, Dolores, mijinki ne."

Na samu wurin, koren tsatsa kamar tafin jariri, a tsakiyarsa ɗan rami da bai kai kan allura ba, yana fesa ruwa siriri a jikin katako. Wannan ɗan abin ne zai fitar da mu daga gidanmu? Na zauna kan matakala na ɗan yi kuka. Ban san na mene ne ba.

Talata, 14 ga Maris

Na naɗe ramin da roba na ɗaure da waya. Kafin azahar ya ɓalle. Leonard yana ta "a'a, a'a," yana neman wata kalma ta ƙi fitowa, fuskarsa ta yi ja, ya share kofi daga tebur da hannu. Ni ma na ɗaga murya, na ce in ya iya ya sauka da kansa.

Bai kamata ba. Bai ci abincin rana ba, ni ma haka.

Laraba, 15 ga Maris

Da safe na tarar ya zana wani abu a bayan kwalin madara, da hannun hagu, duk a karkace. Bututu, an yanke tsakiyarsa, an sa wani guntu. Ban ce ka yi haƙuri ba, shi ma bai ce ba. Na soya masa ƙwai yadda yake so.

Na kai zanen shagon kayan gini. Mai shagon ya duba ya ce wanda ya zana wannan ya san aikinsa. Ya ba ni mahaɗi irin na yanzu, wanda ake turawa kawai ya kama, ba sai an narka dalma ba. Ya koya mini riƙe abin yankan. Da Leonard ya ga mahaɗin ya taɓe baki, shi mutumin dalma ne.

Alhamis, 16 ga Maris

Na rufe babban famfon gida, sai da na sa sifana na danna da dukkan jikina kafin ya juya. Na manta in buɗe famfon ƙasa ruwan da ke ciki ya tsiyaye. Ina yankawa ya kwararo mini a ka, mai sanyi kamar daga kabari. Ta waya na ji dariya, ba ta Wanda kaɗai ba. Dariyarsa ta canza, ɓari ɗaya take fitowa, amma tasa ce.

Na goge bakin bututun, na tura mahaɗin har ya ce ƙas. Na buɗe ruwa. Shiru. Na shafa da tsumma, a bushe. Na je wurin mita na tsaya ina kallon jan abin nan, bai motsa ba.

Da na hau, a jiƙe sharkaf, ya kama hannuna ya juya shi yana duba inda ƙarfe ya yanke ni. "Dolly," ya ce. "Da kyau."

Lahadi, 19 ga Maris

Renee ta zo. Ta sauka ta duba, ta daɗe a can. Ta ce gidan dai tsoho ne, yau wannan bututun gobe wancan, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma babanta ya ce mata "zauna," ya ce "shayi," sai ta juya fuska wajen taga. Kafin ta tafi ta taya ni fitar da ruɓaɓɓun kwalaye, ta wanke bango da ruwan kashe funfuna.

Laraba, 22 ga Maris

Ya yarda matar da ke koya masa magana ta dawo. Sunayen kayan aiki suka yi ta maimaitawa. Ita ba ta san rabinsu ba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Renee ta kira, ta samo mana ranar zuwa ganin gidan tsofaffin. Na ce wannan makon ba dama, bututun bayan gidan Wanda yana yoyo kuma na yi mata alkawari. Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Sai dai a bari zuwa bazara a gani.

Yau na cire ƙusoshin da Leonard yake rataye kayan aikinsa, na sake kafa su ƙasa kaɗan, don kawai kada in riƙa hawa kujera. Ya ji bugun guduma daga sama. Da na hau ya dube ni, ya dubi gudumar.

"Tawa," ya ce.

Na ce aro na yi.