Gwangwanin da Innarsu Ta Ɗauke

Zuwa ga ƙanena Dogo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka idan ka daɗe a zaune? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke. Ɗana Babba yana riƙe da shagon kafintan da na bar masa, matarsa ta sauka wata biyu da suka wuce, an sami namiji mai manyan kunnuwa irin naka, Allah ya raya shi. Auta ta gama koyon ɗinki. Ni kuwa gwiwa ce ta ƙi, amma ido da hannu suna nan daram, shi ya sa na hana yara su buga maka waya. Na ce wannan labari da rubutu ya fara, da rubutu zan ba ka shi.

Ka tuna ajin yamma da muka shiga ni da kai, muna da gemu muna zama a bencin yara, gwiwoyinmu na dukan tebur? Kai wata uku ka yi ka gudu, ka ce sitiyarin mota ya fi alli daɗin riƙewa. Ni na tsaya. Malam Mai Keke, Allah ya jiƙansa, ya ce mana hannun babba kamar busasshen icce yake, ba ya lanƙwasa sai da aiki kullum, don haka kowa ya nemi abin da ba zai ƙare ba ya riƙa rubutawa. Wani ya zaɓi sunayen 'ya'yansa, kwana biyu suka ƙare masa. Ni na zaɓi ruwan sama. Na kafa itace a bayan shago, nesa da indararo, na ɗora gwangwanin madara a kai. Duk safiya in juye abin da ya tara cikin wata siririyar kwalbar magani da na yi wa zane-zane da ƙusa, in ƙirga zanen, in rubuta. Ranar da ba a yi ruwa ba in rubuta babu. Kai ne ka laƙaba mini Mai Awon Sama, har yara suka ɗauka. To, shekara talatin da huɗu ban fasa ba, littattafai suka cika kwali biyu a ƙarƙashin gado.

Yanzu ga abin da ya faru. Ka san Takwara, 'yar Babba ta fari, wadda aka sa wa sunan matata, Innarsu. Ta gama jami'a bara, ta karanta ilimin tattara bayanai da lissafa su. Jami'ar tasu ta haɗa hannu da ƙungiyar manoma da wani kamfanin iri, suna so su gane yadda damina ke tafiya a kowane yanki, don a riƙa aika wa manomi saƙo a wayarsa cewa ga lokacin shuka, ga irin da ya dace da gonarsa. Duk yankin da aka zaɓa za a buɗe masa ofis da gonar gwaji da rumbun ajiya, a ɗauki matasa aiki. Sai dai ba sa zaɓar wuri sai yana da tarihin ruwa na shekaru masu yawa, mu kuwa tashar awon ruwan da ke kusa da mu an rufe ta tun kana nan. Takwara ta riga ta sami aiki a can nesa, tafiyar kwana biyu, har ta fara haɗa kaya. Ba na ɓoye maka, abinci ya daina yi mini daɗi. Kai ka tafi, 'ya'yan maƙwabta sun tafi, layinmu ya koma na tsofaffi da awaki. Takwara ce mai shigowa da safe ta ce maigidanta ya tsufa za ta sake wani, in ce mata duk garin nan ba mai karɓarta da wannan surutu.

Ita ce ta tuna da kwalayen. Ta kwashe su, ta yi mako uku tana shigar da lambobin cikin kwamfuta, tana yi mini dariya wai bakwai ɗina kamar lauje. Bayan nan malamarsu, wata Dakta mai farin tabarau, ta zo har shago, ta zauna a kan kututturen da muke yanka katako. Cikin ladabi ta ce aikin ya burge ta, amma akwai matsala. Shekara goma sha ɗaya na farko sun tafi daidai, daga ta goma sha biyu sai ruwan ya faɗi kusan rabi, bai kuma sake tashi ba, alhali tashoshin yankunan da ke kewaye da mu ba su nuna haka ba. Ta ce idan ba a gano dalili ba kafin ƙarshen wata, dole a ajiye littattafan gefe, a ba wani yanki. Dogo, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ta ce na yi ƙarya ba, amma ni haka kunnena ya ji.

Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ɗauko littafin wannan shekarar, na bi shi shafi-shafi da yatsa. Can a gefen wani shafi, da ƙananan baƙaƙe masu karkata, na ga na rubuta cewa Innarsu ta ɗauke gwangwanina, na sa wani. Nan take komai ya dawo mini. Ta ce gwangwani mai faɗi da murfi mai kyau ba zai zauna a rana yana tsatsa saboda wasan tsofaffi ba, ita tana neman inda za ta zuba maɓallai. Kana nan ranar, ka goyi bayanta, kuna ta dariya. Na yi fushin kwana ɗaya, na ɗauko wani ƙarami na ɗora, ban san cewa ƙaramin baki ƙaramin ruwa yake tarawa ba. Wa zai gaya wa kafinta wannan?

Akwatin Innarsu, tun rasuwarta shekara shida ke nan, ban buɗe shi ba. Na kira Takwara ta tsaya kusa da ni, na buɗe. Ƙamshin turarenta yana nan kamar jiya ta rufe. A ƙarƙashin mayafanta muka sami gwangwanin, cike da maɓallai da zare da allurai biyu a soke cikin ƙyalle. Na zauna a bakin gado da shi a hannuna. Yarinyar ta ɗauko rula ta auna bakinsa, ta fita ta auna na kan itacen, ta yi lissafinta, sai ga layin ruwan nan da ya karye a kwamfutarta ya miƙe ya bi sahun sauran tashoshin. Ta yi tsalle har ta zubar da maɓallan, muka durƙusa muna tsinta muna dariya da hawaye.

An zaɓi yankinmu, ƙanena! Ofishin yana tsohon ginin da ke bayan kasuwa, Babba ne ma ya yi musu tebura da tagogi. Sun ɗauki matasa goma sha huɗu, Takwara ce ke kula da bayanan, ta kwance kayanta. An kafa wata na'ura mai awon ruwa da kanta, amma Dakta ta roƙe ni kada in daina nawa, a riƙa gwada su. Gaskiyar masu magana, da yayyafi kogi kan cika. Ta kuma nemi in ba su tsohon gwangwanin su ajiye a ofis cikin gilashi. Na ba su littattafan duka, amma shi na ce a'a. Mai shi ta ƙwace shi da ƙarfinta, ta kuma adana mana shi har ranar da muka buƙace shi, ba zan karɓe mata ba. Na mayar da maɓallanta ciki, na rufe akwatin.

Ka gaishe mini da uwargidanka, da Likita da matarsa, da 'yan biyu, da 'yar lelenka mai kukan dare. Babba da Auta suna gaishe ka. Takwara ta ce a gaya wa ƙaramin maigidanta ya zo ya ga ofishinta kafin ta fasa aurensa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka,
Mai Awon Sama

Ruwan da aka yi yau da safe zane bakwai ne. Na rubuta.