Maman Azuki Tana Gida

Litinin, 9 ga Oktoba

Yau ma Azuki ba ta ci ba. Ta shinshina kwanon, ta dube ni, ta koma bakin ƙofa ta kwanta a kan silifas ɗin Tomie. Wata guda ke nan da rasuwar matata Tomie. Na kasa ɗauke takalman nan, ita ma karyar ba za ta bari ba.

Ni fa ban taɓa son kare a gidan nan ba. Tomie ce ta kawo ta, shekarar da 'yarmu Chizuru ta yi aure ta koma Sendai. Na ce ba ruwana, aka ɗauke ni a kan maganata. Yanzu ga mu mu biyu, ba mai jin yaren wani.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na kai ta wurin likitan dabbobi. Daga kilo sha ɗaya ta dawo tara da ɗan ɗoriya. Ya lalube ta ko'ina, ya ce, "Ba ciwo ba ne, Kuwabara-san, kewa ce. Ka mayar da ita filin karnukan da ta saba. Wanne ne?"

Ina zan sani? Kullum da safe Tomie takan ce "mun fita," in ce "to" daga bayan jarida. Iyakar sanina ke nan.

Da yamma Chizuru ta kira. "Baba, kai da shinkafa ma take fi ƙarfinka? Zan zo farkon Nuwamba. In ba ta farfaɗo ba, zan tafi da ita. Wata ƙawata tana so." Na ce ɗauki abarki, wa ya riƙe ki. Da na ajiye wayar sai na ga na zuba ruwan zafi a kofi biyu.

Asabar, 14 ga Oktoba

Mun shiga jirgin ƙasa har cikin gari, ita a cikin jaka, ni ina nishi. Filin yana kan rufin wani babban kanti. Ciyawar roba, kiɗa na tashi, karnuka sanye da riguna, wani har da tabarau, wasu ana tura su a keken jarirai. Wata yarinya ta tsuguna ta tambayi Azuki shekarunta cikin muryar goyo, sannan ta ɗago tana jiran ni in amsa. Azuki ta shige ƙarƙashin benci ta ƙi fitowa. Da akwai wuri, da na bi ta.

Tomie ba za ta zo nan ba. Ko za ta zo? Abin takaicin, ba ni da tabbas.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Ta ci loma biyu, ta amayar.

Laraba, 18 ga Oktoba

Wani maƙwabci ya ce filin karnuka na gindin dutse ya fi kowanne faɗi. Na yi tuƙi mai nisa, muna isa mai gadi ya ce sai da takardar rigakafi. Na baro ta a gida. Na ce dubi karyar nan, ta yi maka kama da mahaukaciya? Ya sunkuya, ya ba ni haƙuri har sau uku, amma ƙofar ko motsi. Muka juyo.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na bakin kogi, bayan gadar jirgi, da la'asar. Ƙasa ce zalla, benci biyu, famfo ɗaya, waya ta raba filin gida biyu: masu kilo goma zuwa sama dama, ƙanana hagu. Akwai sikeli a bakin ƙofa. Hagu muka faɗa, cikin 'yan mitsi-mitsin nan masu haushin sauro. Azuki ta je ta manna hanci a jikin wayar tana kallon ɗaya ɓangaren tana kuka. Na ɗauka manyan ne suka tsorata ta, na ja ta muka tafi.

Sai da na zauna rubutun nan na tuna: tun daga gada ita ce a gaba, tana jan igiya. Ban nuna mata hanya ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Na fita da ita da safe, lokacin da Tomie take fita, na sassauta igiya. Kai tsaye bakin kogi.

Ba mu kai ƙofa ba aka ɗauki ihu daga dama: "Azuki-chan! Azuki ce!" Wata mata mai jiki da malafa ta taho a guje, wani jibgegen farin kare na biye da ita. Ta tsuguna ta rungume Azuki. "Wayyo, wa ya mayar da ke tsinke haka?" Ta zaro dafaffen dankali daga aljihu. Azuki ta cinye, ta lashe mata tafi. Sai da na kau da kai.

Ta ce, "Kai ne Baban Azuki ke nan! Ni ce Maman Gonta." Na ce sunana Kuwabara. Ta kwashe da dariya. "A nan karnuka ne masu suna, mu 'yan rakiya ne. Wancan tsohon mai tsaron sikeli Baban Maru ne, kar fuskarsa ta ba ka tsoro, haka aka haife shi."

Sai ta ce, "Ina Maman Azuki? Mun daɗe muna cigiya, ba mu san gidanta ba."

Na ce, "Tana gida. Ba ta ɗan jin daɗi."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na dai san cewa a wurin mutanen nan Tomie tana da rai, kuma na kasa zama mai kashe ta. Karya ɗaya aka bar mini, ga shi na ƙara mata ƙarya.

Laraba, 25 ga Oktoba

Baban Maru ya auna ta, ya nuna hagu. Maman Gonta ta ce, "Haba, tsohon nan, shekara shida tana wannan ɓangaren!" Ya ce bara wani ƙarami ya karye a tsakiyar manya, shi ya kai shi asibiti. "Ta cika goma, ta dawo." Azuki da Gonta suka wuni suna shinshinar juna ta cikin waya.

An ba ni tanjirin in kai wa mara lafiya. Na ajiye su gaban hotonta, kusa da turare.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Yau miya aka ba ni a kwano mai murfi, wai tana ƙara jini. Na shanye a tsaye cikin kicin, kunya kamar ta kashe ni. Ta yi daɗi, shi ya fi damuna.

Azuki tana cin dankali a can, tana taɓa abinci a nan.

Asabar, 28 ga Oktoba

Maman Gonta ta ce su huɗu za su zo dubiya, in faɗa musu gidan. Na ce zan tambaye ta tukuna.

Zan tambaye ta!

Talata, 31 ga Oktoba

Kwana uku ba mu je ba. Na kai ta wani ƙaramin fili a bayan tasha, ba kowa sai wani saurayi da wayarsa. Ta zauna ta juya mini baya. Kwanon na nan yadda na zuba shi, ta koma kan silifas. Ƙasusuwan haƙarƙarinta ana iya ƙirgawa. Tsorona ne take biya da jikinta, na sani. Chizuru ta ce ta sayi keji.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Na faɗa musu. A bakin famfo, ba tare da shiri ba. Na ce Maman Azuki ta rasu tun Satumba, ta faɗi a kicin, ba ta farka ba. Na ce miyar ni na sha.

Baban Maru ya cire hularsa. Na jira faɗa, na ma so a yi mini. Maman Gonta ta zauna a benci, ta dafa gefenta inda ba kowa, ta yi kuka sosai. Can ta ɗago ta ce, "Shekara shida muna zama a nan, na san ciwon gwiwarta, na san 'yarta tana Sendai. Don girman zumunci, mene ne sunanta?"

Na ce, "Tomie." Muryata ta fito wata iri. A gida "ke" nake cewa, ko "Mama" kamar yadda Chizuru take cewa.

Suka maimaita, ɗaya bayan ɗaya, suna ƙara masa "san" na girmamawa. Tomie-san. Tomie-san.

Da za mu tafi Maman Gonta ta share hanci ta ce, "Takan ce Baban Azuki baki ne kawai, wai ba ya son kare, amma shi ke miƙa mata fatar kifi ta ƙarƙashin tebur."

Sau biyu ne kacal. Ko uku. Ban san tana gani ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Chizuru ta iso jiya da kejinta. Na ce kafin komai ta raka mu bakin kogi.

Baban Maru ya ɗora Azuki a sikeli. Ni dai tara da rabi na gani. Ya sunkuya, ya cire tabarau, ya goge, ya sa su a aljihu. "Goma," in ji shi, ya buɗe ƙofar dama. Maman Gonta ta ce, "Ashe tsufa ma yana da rana." Azuki ta fita kamar an harba ta, ita da Gonta suka yi ta zagaye har ƙura ta tashi. Chizuru ta ce ba ta san karyar tana gudu haka ba. Ni ma ban sani ba.

Muna tsaye wani ya ƙwala kira daga can, "Baban Azuki! Zo ka kwashe, 'yarka ta yi aika-aika!" Na zaro leda na nufi wurin. Da na dawo Chizuru tana mini wani kallo. Na ce mene ne, waiwayawa kawai na yi in ga mai ihun.

Chizuru ta koma a jirgin yamma. Kejin yana ɗakin ajiya, ta ce nauyi ne. Ba dai ni na hana ta ba.

Dankali na kan wuta. Wai sai an ɓare shi, haka Tomie take yi.