Sheƙar Gauraka a Bakin Tafki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aikin asibiti da sauƙi. Umma na gaishe ki.

Yaya, Malama ta kai ajinmu gandun daji kallon tsuntsaye! Madubin hangen nesa ɗaya ne, yara maza suka yi ta warwaso, ni ko taɓa shi ban yi ba. Sai na koma gefen tafki na zauna shiru. Can cikin ciyawa na ga gauraka kwance kan ƙwai, ga tukkunta kamar tsintsiyar zinariya. Har ta kalle ni.

Malama ta ce wanda ya faɗi abu mafi kyau da ya gani a gaban aji, shi zai koma gandun. Ina son komawa sosai. Amma kin san bakina a gaban mutane. Kuma in na faɗa, su Dogo 'yan ajinmu za su ruga wurin da ihu, ta gudu ta bar ƙwan. Ya zan yi?

Ƙanwarki,
Auta

Auta sarkin kunya,

Na amsa gaisuwa. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Wato mutum kike tsoro, amma ke da tsuntsuwa har kallon-kallo! Ji nan, ba dole sai duk aji sun ji ba. Babu babba ɗaya da ke kula da wurin? Rubuta masa, tunda a takarda bakinki ya fi rediyo. Ki gaishe da Umma, ki ce ta daina aiko min yaji, ya ishe ni.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. A aji na tashi na ce agwagwa na gani. Dogo ya ce agwagwa ai har a gidansu akwai. Aka yi dariya, aka zaɓi wata.

Amma na ba Malama takarda ta kai wa Baba mai gadin gandun. Ya je ya zagaye wurin da igiya, don masu yawo ta nan suke bi. Ya ce a kawo masa yarinyar nan ranar Asabar, mai iya zama shiru yake nema.

Na je, Yaya. Madubin a hannuna ni kaɗai. Ƙwan sun fashe, 'ya'yan munana ne ƙwarai, duk ƙafa. Ina son su.

Umma ta ce yajin yana hanya.

Taki,
Auta